Kwalbatin layinmu ya rufta, kansila ya ce ba kuɗi: wa za mu kama?

Tambaya: Wani bawan Allah daga yankin Gwale ya rubuto yana cewa: "Kwalbatin bakin layinmu ya rufta tun daminar bara, lambatu ya cike, da an yi ruwa sai cikin gidaje. Mun je wurin kansila ya ce babu kuɗi, mun je sakatariya an ce mana aikin gwamnatin jiha ne. Wai mene ne aikin ƙaramar hukuma a cikin birnin Kano, kuma ina kuɗin da ake turo mata duk wata suke tafiya?"

Amsa: Malam, sannunku da wannan jarrabawa, Allah ya tsare gaba. Na daɗe a sashen ayyuka na wata ƙaramar hukuma kafin in ajiye aiki, kuma kowace damina irin wannan kukan ne yake cika mana ofis.

Idan kwalbatin nan a cikin layi yake, ba a kan babban titin da gwamnatin jiha ta shimfiɗa ba, to aikin ƙaramar hukuma ne, ba tantama. Wanda ya ce muku na jiha ne sallamarku kawai ya yi. Shi kuwa kansila gaskiya ya faɗa, sai dai bai ƙarasa ta ba. Ko sisin kuɗin aiki ba ya hannunsa, kuma muddin kwalbatinku bai shiga takarda ba, bai samu gurbi a kasafi ba, ko kuɗin sun zo ba za su biyo ta layinku ba.

Tsarin mulkin 1999, a sashe na 7 da jadawali na 4, ya faɗi ayyukan ƙaramar hukuma dalla-dalla. Akwai yin hanyoyin cikin unguwa da gyaransu, magudanan ruwa, fitilun kan titi, kwashe shara, banɗakunan jama'a, maƙabartu, kasuwanni, tashoshin mota da mayanka. Akwai lasisin keke da baro da amalanke, kula da shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi, da allunan talla. Sannan tana da hannu tare da jiha a makarantun firamare, lafiya matakin farko da noma. Magudanar ruwa tana cikin jerin da sunanta, don haka kuna da abin kafa hujja.

To amma birnin Kano ba kamar Albasu ko Tsanyawa ba ne. A can, ƙaramar hukuma ita ce gwamnatin da ake gani. A nan kuwa gari ɗaya ne aka yanka shi takwas: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Tarauni, Nassarawa, Kumbotso da Ungogo, ga kuma gwamnatin jiha zaune a tsakiyarsu da hukumominta. Shara tana hannun REMASAB, tsarin gine-gine da izinin gini na hannun KNUPDA, facin tituna na KARMA, zirga-zirga ta KAROTA, ruwan famfo na hukumar ruwa ta jiha. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar birni a hannun gwamna, ƙaramar hukuma sai a karkara take ba da takardar fili. Manyan kasuwannin da ke da maiƙo, irin su Kantin Kwari da Sabon Gari, gwamnatin jiha ce take naɗa masu gudanar da su. Ko sa wa titi suna a babban birnin jiha, dokar haraji ta 1998 ta cire shi daga abin da ƙaramar hukuma za ta karɓi kuɗi a kai. Manyan hanyoyin da suka fita gari kuma, kamar ta Zariya da ta Katsina, asalinsu na tarayya ne. Wannan cakuɗewar ce take ba ma'aikaci damar ce maka "ba namu ba ne" ba tare da an kama shi da ƙarya ƙarara ba. Abin da ya rage wa ƙaramar hukumar birni shi ne lungu da layi: ƙaramin lambatu, kwalbati, zuba burji, intalok, rijiyar burtsatse, katangar maƙabarta, rufin aji, ɗakin shan magani. Naku yana cikin waɗannan.

Dattawa idan suna yabon zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki da ta gabaci ƙananan hukumomi, ba son tsohon zamani ne kawai ba. En'en Kano tana tara harajinta da jangalinta a baitulmalinta, tana da 'yan doka da kotuna da gidan yari da sashen ayyuka nata na kanta. Da kuɗinta aka gina asibitin cikin birni wanda yau ake kira Asibitin Murtala, da kuɗinta aka jawo ruwan Challawa da lantarki zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wajajen 1931. Bayan an ƙirƙiro jihohi a 1967 aka riƙa zare mata iko, gyaran 1976 ya kawo tsarin ƙananan hukumomi bai ɗaya a duk ƙasa, a 1979 kuma Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Talaka ya huta, kuma ba na fatan a dawo da su. Sai dai tun daga lokacin ƙaramar hukuma ta koma jiran abin da za a turo mata daga sama, idonta ya fi karkata ga mai turowa fiye da mazauna layi.

Mu zo kan kuɗi. Duk wata ana zama a Abuja a raba abin da ya taru a asusun tarayya: gwamnatin tarayya kashi 52.68 cikin 100, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan 20.6. A harajin VAT kuma ƙananan hukumomi suna da kashi 35. Sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, nan kuɗin suke sauka. Kafin ciyaman ya ga ƙeyarsu an riga an zare albashin malaman firamare ta hannun SUBEB, hukumar ilimin firamare ta jiha, da na ma'aikatan lafiya, da na sauran ma'aikata, da kuɗin fansho, da kason masarauta, da na horas da ma'aikata, da gudummawar ayyukan haɗin gwiwa, irin titunan kilomita biyar-biyar da aka faro a ƙananan hukumomi 44 zamanin Kwankwaso na biyu. Ƙananan hukumomin birni su suka fi yawan makarantu da malamai, saboda haka akwai watannin da albashi kaɗai yake lashe kason wasunsu har a ciko musu daga tukunyar gamayya. Da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi a Kano zuwa naira 71,000 a ƙarshen 2024, nauyin ya ƙaru, ko da yake kason da ke zuwa daga Abuja shi ma ya ƙaru sosai bayan cire tallafin mai a 2023. Ga doka kuma ta ce jiha ta ba ƙananan hukumominta kashi 10 na kuɗin shigarta, abin da ba kasafai ake gani ba a yawancin jihohi.

Ba wai ina wanke kowa ba ne. Abin da ya rage bayan yanke-yanken nan ba ƙarami ba ne da zai kasa kwalbati ɗaya, kuma yadda ake kashe shi zaɓi ne na mutane, ba ƙaddara ba. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da babban lauyan tarayya Lateef Fagbemi ya kai gwamnoni 36, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki. Kano ta yi zaɓenta ranar 26 ga Oktoba na shekarar, shugabanni 44 da kansiloli 484. Aiwatar da biyan kai tsayen kuwa an yi ta jan ƙafa a kai. Ni a ganina ko an aiwatar da shi ɗari bisa ɗari, ba shi zai gyara muku kwalbati ba. Malaman nan dai dole a biya su, kuma kuɗi a hannun ciyaman da ba wanda yake tambayarsa ba su fi tsira ba a kan kuɗi a hannun gwamna. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa tana wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu duk wata a intanet. Ku sa wani yaro mai waya ya duba muku na Gwale kafin ku koma sakatariya. Magana takan canza salo idan an ga kun san adadin.

Ayyukan yau da kullum na sakatariya ba su da wani armashi: shirya albashi, ba da takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma bayan mai unguwa da dagaci da hakimi sun sa hannu, zagayen riga-kafi, taron tsaro da 'yan sanda da hakimi da 'yan sintiri, masu yankar rasit a ƙananan kasuwanni, duba-gari. Sai kuma layin masu neman taimako a ƙofar ciyaman, mai takardar asibiti, mai haihuwa, mai aurar da 'ya. Wannan layin yana cin kuɗin da mutane ba sa zato, kuma ɗan siyasa ya san wanda ya ba dubu ashirin a hannu ya fi tuna shi a kan wanda ya yi wa lambatu.

Yanzu ga yadda aiki yake tafiya daga koke zuwa siminti, don a nan ne naku ya maƙale. Takarda takan shigo ta rajista, a buga mata hatimi, a buɗe mata fayil. Ciyaman ya rubuta wa shugaban sashen ayyuka cewa a duba a kawo rahoto. Injiniya ya je ya auna, ya fitar da ƙiyasi: buhun siminti nawa, rodi, tsakuwa, yashi, katako, kuɗin magina da leburori. Fayil ya wuce wurin jami'in tsare-tsare da ma'aji, a duba ko akwai gurbinsa a kasafin shekarar. Kwamitin kuɗi, wanda ya ƙunshi ciyaman da mataimakinsa da sakatare da kansiloli masu gafaka (naɗaɗɗun da ke kula da sassan hukuma), ya zauna ya amince. Idan kuɗin sun haura iyakar da aka yarje wa ciyaman, sai an nemi sahalewar Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi. Daga nan ko a ba da kwangila, ko sashen ayyuka ya yi da ma'aikatansa. A rubuta bauca, oditan cikin gida ya duba, daraktan mulki da ma'aji su sa hannu, sannan kuɗi ya fita. Ka ga duk tsawon hanyar nan babu inda koken baki yake da mazauni. Abin da kuka gaya wa kansila a tsaye a ƙofar gidansa, a can ya tsaya.

Kansilan da kuka zaɓa ɗan majalisa ne. Aikinsa ya kai bukatar mazaɓa, ya tattauna kasafi, ya yi ƙananan dokoki, ya sa ido. Kansila mai gafaka na ayyuka daban ne, naɗa shi ake yi, kuma shi ne yake zama inda ake amincewa da aiki. Ku nemi duka biyun. Shi kasafin kuma a watannin ƙarshen shekara ake haɗa shi, a kare shi a ma'aikata, Majalisar Dokokin Jiha ta amince da na ƙananan hukumomi 44 gaba ɗaya. Mutanenmu sai a Agusta suke zuwa, lokacin da ruwa ya ci ɗaki, ana hayaniya, a ba su haƙuri da buhun shinkafa. Da damina ta ɗauke sai kowa ya manta, daidai lokacin da ake rubuta ayyukan baɗi. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani, kuma wanin nan yawanci layin wani mai faɗa-a-ji ne. Takardarku ta kasance a ciki tun Satumba ko farkon Oktoba.

Ita takardar kada ta wuce shafi ɗaya. A rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma, ta hannun mai unguwa da dagaci, da sunan ƙungiyar ci gaban unguwa idan kuna da ita, zai fi kyau ma a ce tana da rajista a sashen raya al'umma. A faɗi sunan layi da mazaɓa, faɗin hanya, tsawon lambatun da ya lalace da mita, gidaje nawa abin yake shafa, da inda ruwan ya kamata ya zuba. A haɗa da hotunan ranar da aka yi ruwa. Abu ɗaya za ku roƙa. Takardar da ta haɗa kwalbati da taransifoma da asibiti da aikin yi ga matasa, a ƙasan durowa take ƙarewa. Ku riƙe kwafi mai hatimin karɓa da kwanan wata, ku kai kwafi ga kansila, da shugaban sashen ayyuka, da hakimi, da ɗan majalisar jiha mai wakiltarku, domin yawancin fitilun sola da burtsatsen da kake gani a unguwanni daga ayyukan mazaɓu suke fitowa. Ku wakilta mutum biyu masu haƙuri su riƙa bin fayil ɗin. Tambayar da za su riƙa yi ita ce "yana teburin wa yanzu?", ba "yaushe za a yi mana?" ba.

Sai abin da ya fi damuna, wato ingancin aikin, domin sau da yawa akan samu a yi, damina biyu ya koma yadda yake. Kwalbati ba ya ruftawa haka kawai. Ko dai an yi shi da rodi kaɗan da kankare mai yawan yashi, ko tifofi da tankokin ruwa suna bi ta kai alhali don ƙananan motoci aka yi shi, ko kuma ruwa ya daɗe kwance a ƙarƙashinsa yana zaizaye gindin. Na ukun ya fi yawa a birni, kuma sabon kwalbati ba ya maganinsa. Kafin a taɓa komai a bi lambatun da ƙafa har inda yake zuba. Tsohon birni da kududdufai ya dogara, su suke shanye ruwan sama kafin ya gangara rafin Jakara. An cike da yawansu da shara an yi gini a kai, ruwan kuwa yana nan yana neman inda ya saba zuwa. Idan mafitar layinku ta toshe, ko wani ya ɗora shago ko matakala a kanta, duk simintin da za a zuba a bakin layi asara ne. Wannan ɓangaren na KNUPDA ne, ita take da ikon sa alama da rushe ginin da ya hau magudana, don haka ita ma a rubuta mata. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ta nuna wa kowa abin da gini a kan hanyar ruwa yake jawowa.

Idan an zo aikin, ku sa ido a kan 'yan abubuwa. Daga gangare ake fara lambatu a hauro, ba daga ƙofar gidan wanda ya fi matsa lamba ba, kuma da na'urar awo ake fitar da gangaren, ba da ido ba. Na sha ganin lambatu mai kyan gani wanda tsakiyarsa ta fi bakinsa zurfi, ya zama gidan sauro shekara zagaye. Sabon kwalbati kada ya fi lambatun da ke kawo masa ruwa ƙanƙanta. Ga layin da mota ke bi, kwalbatin zobe mai faɗin milimita 900 ya fi na 600, ba don yawan ruwa kaɗai ba, don mutum zai iya shiga ya yashe shi. Inda ƙasa ba ta da zurfin da za a binne zobe a rufe shi da kyau, mai kusurwa huɗu da murfin kankare ya fi. Haɗin kankare na yau da kullum awo ɗaya na siminti ne, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, ku tsaya ku ƙirga da idonku ranar zubi. Idan da bulo aka yi bango, mai inci tara ne, a cika ramukansa da kankare. Bayan zubi a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Nan ne mutanen unguwa suke kashe aikinsu da kansu: kwana uku wani ya janye shingen don ya shigar da motarsa. Kada kuma ku yarda a shimfiɗa muku intalok kafin a gama lambatu, ruwa zai kwashe yashin ƙarƙashinsa.

Bisa al'adar kwangila akan riƙe kashi 5 na kuɗin ɗan kwangila har wata shida, don idan aikin ya tsage ya dawo ya gyara. Idan kun ga tsagewa a cikin wannan lokacin ku rubuto nan take, kafin a sake masa cikon. Idan kuwa kuka gano an rubuta cewa an yi aikin layinku an biya alhali ba a yi ba, wannan ya wuce sakatariya. Akwai babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi na jiha, akwai hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano. Gidajen rediyo ma suna tasiri ƙwarai a garin nan, amma ku je musu da kwafin takardarku mai hatimi, ba da zagi ba.

Hanyar da na ga ta fi sauri ita ce ta raba nauyi. Unguwa ta ce za ta kawo leburori da yashi ta hanyar aikin gayya, hukuma ta ba da siminti da rodi da injiniya. Ciyaman ya fi saurin sa hannu a kan wannan, domin kuɗin kan tsaya a cikin iyakarsa ba sai an je ma'aikata ba. Na san wani zai ce me ya sa talaka zai biya abin da yake haƙƙinsa, kuma yana da gaskiya. Amma ko da kun yanke shawarar yin aikin duka da kuɗinku, ku nemi injiniyan hukuma ya fitar muku da awo a rubuce, kada ku sare kwalta ko ku karkatar da ruwa zuwa layin maƙwabta ba da izini ba, don daga nan ake zarcewa ofishin 'yan sanda.

Kafin duk wannan ya tabbata, ramin da ya rufta a kewaye shi yau, saboda yara da masu babur da dare. Yasar lambatu kuma a yi ta a Afrilu ko Mayu kafin ruwa ya sauka, daga gangare zuwa sama, a haɗa ta da Asabar ɗin tsaftar muhalli ta ƙarshen wata. Ku sanar da REMASAB ko sashen tsafta na ƙaramar hukuma tun da mako guda don a turo mota, in ba a samu ba ku yi karo-karo ku ɗauki hayar tifa, a kwashe dagwalon da zarar ya tsane. Idan aka bar shi jibge a bakin lambatu, ruwan farko zai mayar da shi ciki.